Wa Ya Ɗaura Wa Wada Gemu?

Wani dare cikin bazarar bara, na sauko daga shiri ke nan ina tattara takarduna, sai ga kiran ƙanena da ke karatu a Jamus. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba, ya ce, "Yaya, don Allah tambaya gare ni. Mutumin da gemunsa bai wuce ƴan tsilli-tsilli a haɓa ba, yaya zai yi ya samu wanda zai sauko masa har ƙirji nan da wata biyu?" Na ce masa ya rungumi ƙaddara, gidanmu ba a gaji wannan ba, ko Baba da ya haura saba'in nasa bai cika tafin hannu ba.

Ashe abokan karatunsa ne suka ja shi wani wasa da Turawa ke kira LARP a taƙaice, ni kuwa na raɗa masa suna wasan shiga tatsuniya. Mutane ne manya da hankalinsu, likita da direba da ɗalibi, za su kama fili ko daji na kwana uku ko huɗu, su kafa tantuna, kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labarin da aka tsara: wannan jarumi, wancan boka, waccan sarauniya. Babu ƴan kallo, babu rubutaccen zance da za a haddace. A haka za ka ci, a haka za ka kwana, a haka za ka yi yaƙi da takobin soso. Shi ƙanena wada ya zaɓa, wai don ya ji an ce wadannin tatsuniyar Turai maƙera ne, mu kuwa ta wajen uwa jikokin maƙera ne.

Masu shirya wasan suka aiko masa da sharuɗɗan shiga. Gemu wajibi ne, mai kauri, wanda za a hango daga nesa. A samu faffaɗar ɗamara ta fata, da takalmi mai nauyi, da riga mai cushe a kafaɗa don jiki ya yi faɗi. Kada a ga zif, kada a ga agogo, kada a ga roba. Na ce masa to tsawo fa? Yaron nan dogo ne sambal, sai ya sunkuya yake shiga zauren gidanmu. Ya ce ai ko kalma ɗaya ba su yi a kan tsawo ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Wadan da ba a tambayar tsawonsa amma ake auna gemunsa, daga ina ya fito? Da yake shirin tarihi nake gabatarwa, sai na bi sawu, kuma abin da na tarar shi ne kusan kowane yanki na kayan nan da aka ce dole ne yana da lokacin da aka ɗinka shi a jikin wada, wasu ma ba su girmi iyayenmu ba.

Tsofaffin rubuce-rubucen da suka fi bayani a kan waɗannan halittu daga tsibirin Aisilan suke. Wajen shekarar 1220 wani basarake malami mai suna Snorri Sturluson ya tattara labaran maguzancin kakanninsa a littafin da ake kira Edda, sannan akwai wani kundin tsofaffin waƙoƙi da aka kwafe wajen 1270. A ruwayar Snorri, wadanni sun fara ne a matsayin tsutsotsi cikin naman wani basamude mai suna Ymir, daga baya aka ba su hankali da siffar mutane, suka zauna cikin ƙasa da duwatsu. Huɗu daga cikinsu, masu sunan Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, su aka ce suna tallabe da sama. Sana'arsu ƙira. Wasu ƴan'uwa biyu ne suka ƙera gudumar Thor, abin bautar da suke jingina wa tsawa, kuma labarin ya ce ƙuda ya ciji mai zuga a fatar ido har jini ya rufe masa gani, ya saki zugazugin na ɗan lokaci, shi ya sa ƙotar gudumar ta fito gajeriya. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san wannan uzurin, mai zuga ne kullum da laifi. Abin lura shi ne waɗannan tsofaffin ruwayoyi ba su damu da siffanta gemu ba, gajartar ma ba su nanata ta ba. Abin da ya sa wada ya zama wada a wurinsu shi ne inda yake zaune da abin da hannunsa ya iya.

A ƙasar Jamus ne gemun ya fara fitowa fili. A doguwar waƙar jarumta ta Nibelungenlied, wadda aka rubuta wajen 1200, akwai wada Alberich mai gadin dukiya, kuma da jarumi Siegfried ya tashi murƙushe shi, gemunsa ya damƙa. Ka ga tun farkon bayyanarsa gemun nan wurin kamu ne. Hula da walki kuwa daga ramin haƙar ma'adinai suka zo. Georgius Agricola, likitan da ya zauna cikin mahaƙan azurfa a ƙarni na 16 kuma ya rubuta shahararren littafi a kan sana'arsu wanda ya fito a 1556, ya kawo abin da mahaƙan ke faɗa game da ƙananan iskokin cikin rami: gajeru, masu kamar tsofaffi, sanye da irin kayan mahaƙa, har da fatar da suke ɗaurawa a ƙugu. Mahaƙin wancan zamani yakan sa riga mai haɗe da hula don ƙasa da ɗigar ruwa, ya ɗaura fata ta baya don zama a kan dutse mai laima. Wato mutanen sun dubi kansu ne suka yi wa aljanin raminsu sutura. Sunan ƙarfen nan kobalt ma daga sunan irin waɗannan iskoki ya samo asali, don mahaƙa sun ɗauka su ne ke ɓata musu ma'adini.

Daga nan sai ƴan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fitar da tarin tatsuniyoyinsu a 1812, da wadanni bakwai masu fita haƙar zinariya da safe su dawo da yamma. Ko suna ba su ba su ba. A wata tatsuniyar da suka ƙara daga baya, gemun wani mugun wada ya maƙale a tsagar itace, wasu ƴan mata suka ceto shi da almakashi, maimakon godiya ya bi su da zagi don sun rage masa gemu. Ina jin daga nan aka soma ɗaukar cewa mutuncin wada a haɓarsa yake. Kwalkwali mai ƙaho kuwa, wanda har yau wasu ƴan wasa ke ɗorawa a ka suna ganin tsohon tarihi suka ɗauko, aikin mai tsara kayan wasa ne, Carl Emil Doepler, wanda ya yi wa jerin wasannin waƙa na Richard Wagner sutura da aka nuna su gaba ɗaya a garin Bayreuth a 1876. Mayaƙan Arewacin Turai na gaskiya ba su shiga yaƙi da ƙaho a ka ba. Wa zai ba abokin gaba wurin maƙala gatari?

Shekarar da ta fi kowace tasiri a wannan labari ita ce 1937, domin a cikinta aka haifi wadanni iri biyu, wata uku cif tsakaninsu. Ranar 21 ga Satumba littafin The Hobbit na J. R. R. Tolkien ya fito a Ingila. Ranar 21 ga Disamba kamfanin Disney ya fara nuna fim ɗinsa na zane a kan Snow White a Amurka. Na Disney ƴan barkwanci ne masu jan hanci da tumbi, shida da farin gemu, ɗaya babu. Na Tolkien su goma sha uku ne, kuma malamin harsuna ne shi, don haka sunayen mafi yawansu daga jerin sunayen da ke cikin wancan kundi na Aisilan ya ɗebo su: Thorin, Dwalin, Fili, Kili da sauransu. Har sunan Gandalf daga can yake, kuma a rubutun farko shugaban wadannin ne ke ɗauke da shi kafin a miƙa wa boka.

Amma ku dubi yadda suka shigo labarin. Huluna ne kala-kala a kansu, wani gemunsa shuɗi ya cusa cikin ɗamarar zinariya, wasu nasu rawaya, kuma kayan kiɗa suka zo da su gidan mai masaukinsu, su sarewa da ganga da molon Turawa. Da wani zai shiga wasan ƙanena da wannan shiga, dariya za a yi masa a ce bai san wada ba. Sai can ƙarshen littafin, da rundunar Dain ta iso daga Duwatsun Ƙarfe, aka ga siffar da ta zama doka a yau: sulke har gwiwa, kwalkwalin ƙarfe, gemu a rabe biyu an kitse an cusa cikin ɗamara don kada ya hana faɗa. Makaminsu ma diga ne, kayan aikin mahaƙa. Gatarin ya kafu ne da Gimli na The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955. Daga shi ne Gary Gygax da Dave Arneson suka ɗauki wadansu da suka fitar da wasan tebur na Dungeons & Dragons a 1974, inda aka mai da wada jinsi mai lambobi: ƙarfinsa kaza, juriyarsa kaza. Kamfanin Games Workshop na Ingila ya zo da Warhammer a 1983, ƴan mutum-mutuminsa na dalma suka ƙara wa gemun tsawo da faɗi har ya kusa rufe jiki, don a iya gane su a kan tebur daga nesa.

Bari in ɗan ratse, tunda murya ce abincina. Har lafazi an yi wa wada dole. A finafinai da wasanni da yawa za ka ji shi yana Turanci da karin harshen Sikotilan, kamar yadda a wasan kwaikwayonmu na rediyo in aka ce ga Bafillace ko Buzu kowa ya san muryar da za a lanƙwasa. Masu bin diddigi sukan kai wannan ga littafin Poul Anderson na 1961, Three Hearts and Three Lions, inda wani wada mai suna Hugi ke magana da irin wannan karin. Shi kuwa Tolkien wani wuri daban ya dosa. Harshen da ya ƙirƙira wa wadanninsa a kan saiwar baƙaƙe uku ya gina shi, irin na Larabci da Ibrananci, kuma da bakinsa ya faɗa a wata hira da BBC cewa suna tuna masa da Yahudawa. Wannan magana tana da nauyi a Turai. Dogon gemu da ƙaton hanci da son zinariya su ne ainihin zanen ɓatancin da aka daɗe ana yi wa Yahudawa, kuma har yau masana na jayayya a kan ko wadannin Wagner, wanda ƙiyayyarsa ga Yahudawa ba ɓoyayya ba ce, irin wannan zanen ne. A ganina duk wanda zai manna ƙaton hancin roba ya ce shi wada ne, ya kamata ya san tsohuwar rigar da yake shiga.

To, duk wannan a takarda ne da majigi. Matsalar ta taso ranar da aka ce mutum da jikinsa zai zama wada. A 1977 wasu matasa masu son littattafan Tolkien a kewayen birnin Washington suka fara haɗuwa suna gwabzawa da makaman soso, ƙungiyar da aka sani da Dagorhir. A 1982 aka buɗe Treasure Trap a gidan sarautar Peckforton da ke Ingila, inda mutum zai biya kuɗi ya shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ya yi karo da dodanni. Bai daɗe ba ya rufe, amma waɗanda suka ɗanɗana suka watsu suka kafa nasu. A Amurka aka kafa NERO a 1989. A Ingila babban taron Lorien Trust ya fara a 1992. A Jamus taron ConQuest of Mythodea, wanda aka soma a 2004, yana tara dubban mutane a fili ɗaya.

Mai zane zai iya gajarta mutum da alƙalami. Mai fim yana da dabara: John Rhys-Davies da ya fito a Gimli a finafinan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003 ya haura ƙafa shida, shi ne ma mafi tsawo a cikin ƴan wasan da suka yi abokan tafiyar nan tara, amma da wayon kyamara da wani gajeren mutum mai tsaya masa a wasu wurare aka mai da shi wada. A fili kuwa babu kyamara. Dogo dogo ne. Kuma cikin turmutsitsin mutum ɗari biyar, dole wanda ke fuskantarka ya gane ko kai wane ne cikin ƙiftawar ido, domin dokokin wasa sukan ba kowane jinsi nasa ƙarfi da nasa rauni. Sai aka yi wa kowane jinsi tambari: elf dogayen kunnuwa masu tsini, orc koren fenti da haure, wada gemu. Tsawon da ba a iya ragewa aka yafe shi, aka ɗora nauyinsa duka a kan haɓa. Sauran kayan aikinsu ruɗin ido ne kawai. Rigar cushe, ƴar'uwar lifidinmu, tana faɗaɗa kafaɗa. Faffaɗar ɗamara da doguwar riga suna yanke tsawon ƙafa. Gemun da ya sauko ƙirji yana haɗiye wuya. Jamusawa suna da wata ƙa'ida a wasu wasanninsu wadda ma'anarta ita ce abin da ka iya nunawa shi ka iya, kuma da ita ake auna mai shiga tun daga ƙofa.

Mu wannan hikima ba baƙuwarmu ba ce. Goma ga azumi in yara suka fito tashe, ɗan shekara tara zai manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a ciki, ya dogara sanda, kuma unguwa gaba ɗaya ta yarda tsoho ne har ya gama wasansa ya karɓi hatsinsa. Ba wanda ke cewa ai ƙafafunsa na yaro ne. Haka a wasan kara na Damagaram, abin da aka ƙera da karan gero yakan tsaya a madadin bindiga ko tabarau ko kyamara, wanda ya ɗauki matsayin babban mutum kuma a girmama shi a matsayin. Bambancin kawai su Turawa sun rubuta nasu a takarda sun sa alƙali.

Inda dokar ta fi jawo rigima shi ne wajen mata. Tolkien ya rubuta a ƙarshen littafinsa cewa matan wadanni ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba, kuma sun yi kama da mazan a murya da siffa har baƙo ba ya iya bambancewa. Mace ɗaya tak ya ambata da suna, Dís. A wasu rubuce-rubucensa da ɗansa ya fitar a 1994 ya faɗa ƙarara cewa maza da mata duk da gemu ake haifarsu. A kan haka wasu ƙungiyoyin wasa, har da NERO, suka ce mace ma sai ta ɗaura. Wasu suka sassauta, suka ce saje ya isa ko kitso mai kauri da zoben ƙarfe. Marubucin barkwanci Terry Pratchett ya juya zancen gaba ɗaya a 1996, da ya kawo wata wada ƴar sanda mai suna Cheery wadda ta fara sa jan baki da siket don a san mace ce, amma ko da wasa ba ta yarda ta aske gemunta ba. A 2022 kuma, da shirin talabijin na The Rings of Power ya nuna Sophia Nomvete a matsayin gimbiya Disa, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Wasu gemu suka nema ba su gani ba. Wasu kuwa, in za a faɗi gaskiya, baƙar fatarta ce ta tsone musu ido suka fake da gemun. Wannan ne ya sa na tambayi ƙanena ko an yi masa maganar launi. Ya ce ko kusa, gemun dai suke ta nanatawa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba a wannan hira, wato mutanen da Allah ya halitta wadanni, waɗanda ba sa cire komai in an tashi daga wasa. A farkon 2022 ɗan wasa Peter Dinklage, wanda shi kansa wada ne, ya soki shirin Disney na sake yin Snow White, yana ganin ci baya ne a sake fito da tsohon labarin wadanni bakwai yadda yake. Kamfanin ya ƙare da yin su da kwamfuta a fim ɗin da ya fito a 2025, sai wasu ƴan wasa wadanni suka ce an cire musu abinci daga baki. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Ni dai na lura cewa dokar gemun nan, ko da ba don haka aka yi ta ba, ta raba wadan tatsuniya da wadan gaske. Ba a ce wa kowa ya durƙusa ya yi tafiya da gwiwa ba, ba a ce ya kwaikwayi tafiyar wani bawan Allah ba. A Hausa kalma ɗaya muke da ita ga duka biyun, shi ya sa ranar da na kawo wannan batu a shiri sai da na fara da bayanin wane wada nake nufi, don na san akwai masu saurarena da sunan ya daɗe yana yi musu ciwo tun suna yara.

Shi gemun kansa aiki ne. Mai arha da zaren roba ake rataya shi a kunne, kuma yana rawa in mutum na magana. Na kirki da ulu ake yinsa ko gashi da aka saƙa a kan raga, a manna da wani irin gam na ƴan wasa, kuma gam ɗin ba ya shiri da zufa. Masu finafinan The Hobbit na 2012 zuwa 2014 har da gashin yak, wata saniyar tsaunukan Asiya, suka yi amfani. Rhys-Davies kuwa fatar fuskarsa ta riƙa kumbura saboda abin da ake manna masa, ya sha wuya ƙwarai kafin a gama ɗauka. Ƙara da sulke na ƙarfe mai kilo goma ko fiye a kan rigar cushe cikin zafin watan Agusta, za ka gane abin da ya sa masu shirya taro ke yawan tuna wa mutane shan ruwa.

Ƙanena ya sayi na ulu, baƙi, ya zauna dare biyu yana kitsa shi da ƴan zobban tagulla. Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu aka yi ruwa, suna tsakiyar kare wata gada sai ɓarin hagu ya saki ya koma lilo. Alƙalin wasa ya matso ya raɗa masa ya koma gefe ya gyara. Yana tsugune bayan tanti yana fama, sai ga wata dattijuwa Bajamushiya da jan gemu har cibiya, ta ajiye gatarinta, ta ciro kwalbar gam daga jakar ɗamararta, ta riƙe masa haɓa har ya kama. Ya ce ba ta fita daga muryar wadanta ba ko sau ɗaya, faɗa ma take yi masa wai ɗan gidan wa ne zai bar gemunsa ya wulaƙanta gaban elf.

Da ya turo hoton na kai wa Inna. Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana dubawa. Can ta ce, "Wannan ai tsoho da gemu ne. Su can ba sa jiran azumi?" Na ce ba sa jira. Ta ce in tambaye shi, da ya gama zagayen, an dai ba shi ko ɗan hatsi?